Ranar da Aka Share Dajin Mai Kwando

Ƙanin matata ya yi shekara talatin da huɗu yana tara busasshen ganye a kan dutse, kuma wannan shi ne aikinsa na hukuma, da takardar ɗauka da hatimi a jikinta. Tashar binciken daji da ke gindin dutsen ce ta ɗauke shi yana ɗan shekara ashirin da shida. Tun daga lokacin sunansa ya ɓace a bakin mutane, aka koma kiransa Mai Kwando, saboda kwandunan raga da aka kakkafa a ƙarƙashin itatuwa domin su tare ganyen da ke zubowa. Duk mako biyu yakan hau ya juye su a buhunan takarda, ya rubuta lamba a kan kowane buhu, ya goyo su a baya ya sauko. A ɗakin aikinsa akwai tanderun lantarki na busar da ganye, da sikeli mai murfin gilashi wanda ba ya yarda kowa ya yi numfashi kusa da shi, da kanta mai hawa biyar cike da littattafai masu baƙin bango. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma ya buga mata ƙusa don kada iska ta motsa sikelin.

Na sha tsokanarsa a kan wannan aiki duk lokacin da ya zo gaishe da yayarsa.

"Mai Kwando, yau ganye nawa ka kama? Ko sun tsere maka?"

"Hedimasta, kai da ka ƙare rayuwarka kana ƙirga 'ya'yan mutane kowace safiya ai ba ka da bakin magana. Nawa dai ba su taɓa cewa akuya ta cinye musu aikin gida ba."

Abin da ake nema a cikin ganyen shi ne naitirojin. Manomi ya san shi ko da bai san sunansa ba, domin shi ne abin da ke cikin farin takin zamani, wanda idan masara ta rasa shi sai ganyenta ya yi rawaya. Daji kuwa ba shi da mai zuba masa taki. Abin da ya zubar shi yake ci: ganye ya faɗi ya ruɓe, ƙananan halittun da ido ba ya gani su warware shi, naitirojin ɗin da ke cikinsa ya koma ƙasa, saiwa ta zuƙe shi, ya sake hawa ya zama sabon ganye. A saman dutse, inda gajimare yake sauka ya kwanta a kan itatuwa, sanyi yana jinkirta ruɓewar. Saboda haka ƙasar takan riƙe abincinta, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, daidai gwargwadon abin da saiwa za ta iya ɗauka. Haka ya bayyana mini, kuma daga baya na ji masana sun faɗi abin da bai fi wannan ba, sai dai da kalmomi masu tsawo.

Tun wajen shekararsa ta ashirin a aiki ya fara cewa saman dutsen ya sauya. Da can da rigar sanyi biyu yake hawa, sai ga shi ɗayar ma yana cire ta ya ɗaura a ƙugu. Shimfiɗar ganyen da a da take nutsar da shi har idon sawu ta koma da ƙyar take rufe tafin takalmi. Ruwan sama ya riƙa makara, idan ya zo kuma sai ya zo gaba ɗaya, rafin da ke gangarowa ya yi jajir kwana biyu, bayan mako guda gansakuka ta rufe bakinsa. Itatuwan can sama suka fara fitar da ganye ƙanana masu hasken rawaya. Hukuncin da ya yanke shi ne, zafi ya sa ganye yana ruɓewa da sauri fiye da yadda saiwa za ta iya ɗauka, ruwa kuma yana kwashe ragowar. "Dutsen nan yana zubar da abincinsa a rafi," in ji shi.

Ya faɗa wa duk masanin da ya zo tashar. Su kuma su saurare shi da ladabi, su gyaɗa kai, sannan su tambaye shi ina alƙaluman. Kwandunansa suna nuna yawan ganyen da ya zubo, amma ba sa nuna saurin ruɓewarsa. Takardar sakandare ce kawai a hannunsa, kuma hanci da tafin ƙafa ba sa shiga rahoto. Wannan ya ci masa rai shekara da shekaru. Burinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: kafin ya bar aiki, a samu takarda da lambobi da za su nuna cewa abin da yake faɗa gaskiya ne.

Damar ta zo ne ta hannun wata malamar jami'a mai nazarin ƙasa, wadda kowa a tashar yake kira Dakta. Ita ce mutum ta farko da ta zauna ta karanta baƙaƙen littattafan nan daga na farko. A ciki ta tarar cewa tsohon shugaban tashar, wanda ya ɗauki Mai Kwando aiki, ya taɓa yin wani gwaji na shekara biyar: an zuba busasshen ganye a 'yan jakunkunan raga, an ajiye su a filaye uku, ɗaya a gindin dutse, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama, ana ɗebo wasu kowace shekara a auna abin da ya rage. Da hannun Mai Kwando aka ajiye su a wancan lokacin. Dakta ta ce idan aka maimaita gwajin a wuraren nan uku, da irin ganyen, da yawan jakunkunan, to za a iya ɗora sabon sakamako kusa da tsohon a ga bambanci.

Ranar da ta faɗa masa haka ya zo gidanmu bai ko yi sallama da kyau ba. "Yaya, an samu mai kunne," ya ce wa matata.

Jakunkuna ɗari da tamanin aka yi: sha biyu daga kowane fili, kowace shekara, har shekara biyar. Matarsa, wadda muke kira Uwar Biyu, ita ta ɗinka su, kowace jaka kamar faɗin tafin hannu. Ya auna giram goma na ganye ya zuba a kowace, ya saka ɗan guntun ƙarfe mai lamba, ya ɗinke bakin. Ba a haƙa musu rami. Ana ɗage ganyen da ke ƙasa ne, a kwantar da jakar a kan turɓaya, a soke ta da lanƙwasasshiyar waya, a mayar da ganyen a rufe. Dakta ta ja masa kunne a kan abu ɗaya. A shekarun farko, in ji ta, ganye mai ruɓewa yana riƙe naitirojin ɗinsa, har ma yakan jawo wani daga ƙasa, sai daga baya yake sakinsa. Don haka jakunkunan shekara ta biyar su ne masu ba da amsa. Sauran duk share fage ne.

An ɗaura jan ƙyalle a kan kowane wuri, an kafa allo a bakin kowane fili. Cikin mako guda masu neman zuma da masu itace suka ciro jakunkuna bakwai suka yayyaga, suna zaton wani abu mai daraja aka ɓoye. Ya maye gurbinsu da waɗanda ya yi na ko-ta-kwana. Washegari ya bi filayen uku ya kwance kowane ƙyalle, ya tuge allunan ya jingine su a bayan ɗakin aikinsa. Daga ranar ya koma riƙe wuraren da ka: daga itacen da tsawa ta raba, taku goma sha ɗaya wajen rafi, daga dutsen da ya yi kama da turmi, taku shida hannun hagu. Ya kuma hana leburorin tashar shiga filayen, har da shugabansu, wani dogon mutum da ake kira Gajere, wanda suka shekara talatin suna cin abincin rana a kwano ɗaya.

Dakta ta amince da cire ƙyallen, amma ta roƙe shi ya zana taswira. Ya ce zai zana. Sau biyu take zuwa a shekara, kuma duk zuwa sai ta tambaya, shi kuma ya ce tana nan tafe. Ni ma na yi masa magana.

"Idan ka faɗi ka mutu fa?"

"Sai su biyo ni can su tambaya."

"Da gaske nake."

"Hedimasta, takardar da aka ajiye a ofis kowa yana karanta ta. Kaina kuwa ba shi da kwafi."

Hujjarsa tana da ƙarfi, amma ba ita kaɗai ba ce. Mutumin da aka shekara ashirin ana tambayarsa ina alƙaluma ya samu abu guda da babu wanda ya sani sai shi, kuma ya ji daɗin hakan. Ina faɗin wannan ne domin shi ma daga baya bai musa ba.

Shekara huɗu komai ya tafi daidai. A mako ɗaya na kowace shekara yakan ɗebo jakunkuna talatin da shida, ya tsince saiwoyin da suka shiga raga da ɗan hantsaki, ya busar, ya auna, Dakta ta tafi da su ɗakin gwaji. Jakunkunan ba su kai na tsohon gwaji nauyi ba, kuma ya lura. Da ya matsa mata, sai ta ce, "Baba, mu jira ta biyar."

Sai dai lissafin kwanaki bai zo masa daidai ba. Ranar ritayarsa ta faɗo wata huɗu kafin makon ɗibar ƙarshe. Ya nemi a ƙara masa waɗannan watannin. Ni na rubuta masa takardar, sau uku, kowace da hujjojinta a jere, kuma babu wadda aka amsa. Abin da ya zo daga hedikwata shi ne kira ya je birni a tantance takardunsa na barin aiki. Aka ce aikin yini ɗaya ne. Ranar farko fayil ɗinsa bai fito ba. Ta biyu mai sa hannu yana taro. Ta uku aka gano ranar haihuwarsa a takarda ɗaya ta saɓa da ta wata da kwana tara, aka tura shi ya kawo rantsuwa daga kotu. Kwana huɗu ya yi a kan benci.

A cikin waɗannan kwanaki ne saƙo ya iso tashar cewa masu tallafa wa aikin jakunkunan za su zo su ga filayen da idonsu. A lokacin an kawo sabon manaja, wata biyu da suka wuce, daga ofishin kula da lambunan shaƙatawa na birni. Mutum ne mai ƙwazo, kuma a inda ya fito, girmama baƙo shi ne kada ya ga ganye ɗaya a ƙasa. Ya sa aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka yanke ciyawa, aka wanke tagogi. Sannan ya kira Gajere ya ce a gyara filayen Mai Kwando, domin can za a kai baƙi.

Gajere da kansa ya ba ni labarin abin da ya biyo baya, kuma na gaskata shi. Ya ce ya yi murna da umarnin. Abokinsa yana shirin barin aiki, manyan baƙi za su zo wurinsa, shi kuma ba ya nan; me ya fi dacewa da ya dawo ya tarar wurin yana ƙyalli? Ya ɗebi mutum takwas da manjagara da tsintsiya. Sun san akwai jakunkuna a dajin, domin sun gan su sababbi, farare tas, a kan teburin Mai Kwando. Abin da haƙoran manjagara suka riƙa tsamowa kuwa baƙaƙen tsummoki ne, a manne da laka, saiwoyi sun ratsa su. Babu ƙyalle, babu allo. Suka ɗauka sharar da masu zuma suka zubar ce, suka haɗa da ganyen suka tara a bakin hanya suka cinna wuta. Yini ɗaya suka yi a filin ƙasa, yini ɗaya a na tsakiya. Na sama yana da ƙarin tafiyar awa biyu, kuma Manaja ya ce baƙin ba za su kai can ba.

Mai Kwando ya dawo da safiyar ranar ziyarar, kai tsaye daga tashar mota, da jakar takardunsa a hammata. Fararen duwatsun ba su dame shi ba. Warin toka ne ya sa ya ƙara sauri. Da ya isa filin ƙasa sai ya tsaya. Jar ƙasa ce fetal daga wannan gefe zuwa wancan, da sawun tsintsiya a jere kamar tsakar gidan da ake jiran surukai. Gajere yana tsaye a gefe cikin wankakkiyar riga.

"Mutumina, ka ga aiki? Ko allura ta faɗi sai ka gan ta."

Mai Kwando ya nufi tarin tokar ya durƙusa, ya ajiye jakar takardun a ƙasa, ya zura hannu biyu ya fara tonawa. Guntun ƙarfe na farko da ya fito yana da lamba ɗari da arba'in da uku. Ya goge shi a wandonsa ya ajiye a kan gwiwa, ya ci gaba.

"Me kake nema?" in ji Gajere.

"Tsummokan da kuka tsinta, guda nawa ne?"

"Wa zai tsaya ƙirga shara? Goma, ko fiye. A na tsakiya ma haka." Ya dubi ƙarfen da ke kan gwiwar abokinsa. "Ba naka ba ne ai. Naka farare ne. Mun zaci suna can ciki, inda kake shiga kai kaɗai."

"Nan ne inda nake shiga ni kaɗai."

Yana nan durƙushe baƙin suka iso, su huɗu, tare da Dakta, Manaja yana gaba yana bayani. "Ga filinmu na farko. Kamar yadda kuke gani, muna ba tsabta muhimmanci." Ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo mai tabarau, ya dubi ƙasa, ya dubi itatuwan, ya tambaya a hankali ina ganyen da ya zubo. Manaja ya nuna tokar da alfahari. Dakta ta zo ta tsaya a kan Mai Kwando, ta ga guntayen ƙarfen.

"Na tsakiya?"

"Shi ma."

"Na sama fa?"

Gajere ne ya amsa, da murya ƙasa-ƙasa. "Ba mu kai can ba, ranki ya daɗe. Ƙafa ce ta gaza."

"Allah ya yi wa ƙafar nan albarka," in ji ta.

Daga cikin jakunkuna ashirin da huɗu, guntayen ƙarfe goma sha tara ya samu. Baƙin sun sha shayi a ofis, sun yi godiya, sun tafi kafin azahar. Bayan tafiyarsu Manaja ya so a rubuta cewa aladen daji ne suka yi ɓarnar, Dakta ta tambaye shi ko aladen nan suna da tsintsiya. Sannan ta juya wajen Mai Kwando, a gaban kowa, ta ce, "Baba, sau nawa na roƙe ka taswira? Da tana manne a bangon nan, da wani ya duba."

Da yamma ya zo gidanmu, tokar tana nan a ƙarƙashin faratansa. Yayarsa ta ajiye masa abinci bai taɓa ba. Ya yi wa Manaja tas, ya yi wa hedikwata da bencinta, ya yi wa duk wanda ya fara ƙirƙiro manjagara. Ya ce mutum ya shiga daji ya ga ganye a ƙasa ya kira shi datti, wannan da wanda ya shiga rumbu ya share hatsi duk ɗaya ne. Na bar shi har ya gaji, sannan na ce ai da ƙyallen suna nan, ko allon.

"Hedimasta, ban zo a duba mini jarrabawa ba."

"To me ka zo yi?"

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. "Ban sani ba. A gida Uwar Biyu za ta tambaye ni jakunkunanta."

An sauke Gajere daga shugabancin lebura aka mayar da shi gadin ƙofa. Mai Kwando ya je wajen Manaja ya ce laifin nasa ne, shi ya cire alamomin, amma ba a sauya hukuncin ba. Duk da haka bai koma cin abinci da Gajere ba. Yakan wuce ta ƙofar ya ɗaga hannu ba tare da ya juya ba. Ya ce mini ba fushi yake da shi ba, fuskarsa ce take tuna masa jar ƙasar nan.

Saura jakunkuna sha biyu a saman dutse, kuma ritaya ta matso. Yanzu Manaja ne da kansa ya ce ba zai sa hannu a takardar sallama ba sai an kawo taswira. Muka zauna da shi a teburina yini biyu, ina ja masa layi da rula, yana faɗin taku. Aka ba sabon jami'in da zai gaje shi taswirar, ya hau ya gwada, da sharaɗin kada ya ɗaga ganye sai da yatsa. Ya sauko da la'asar bai samu ko ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne Mai Kwando ya taɓa faɗuwa a kan dutsen ya karya ƙafar hagu, tun daga nan takunsa ya gajarta, kuma dutsen da shi yake gani kamar turmi, jami'in ya ga guda biyar masu kama da turmi. Ta haka aka gane cewa dole sai shi. Amma ƙa'ida ta ce wanda ba ma'aikaci ba ba ya shiga dajin bincike sai da izinin hedikwata. Dakta ta rubuta neman izinin tun kafin ya ajiye aiki. Wata huɗu suka cika ba a amsa ba.

Da makon ya zo, ta iso da motarta ta ɗauke shi a gida da sassafe. A ƙofar tashar Gajere ya fito daga ɗakin gadi ya leƙa ta taga.

"Ranki ya daɗe, ke an san ki. Wannan tsohon fa, ina takardarsa?"

"Ba ni da ita," in ji Mai Kwando.

"To ban gan ka ba." Ya buɗe ƙofar, motar ta shiga, ya rufe, ya miƙa wa abokin gadinsa mabuɗi, sannan ya buɗe ƙofar baya ya shiga ya zauna. "Sai dai ba zan bar wanda ban gani ba ya hau da wannan ƙafar babu mai riƙe shi."

Awa huɗu suka yi kafin su kai filin sama. Dakta ta ce mini a duk tafiyar mutanen biyu ba su yi magana ba, sai dai a kowane hawa mai santsi Gajere yakan miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ɗayan kuma ya kama. A filin, Mai Kwando ya tsaya a gindin itace, ya ƙirga taku da ƙarfi, ya durƙusa, ya ɗage ganye da yatsu biyu, ga waya. Haka ya yi har sau goma. Sauran biyun suna daidai inda wani ruwan sama mai ƙarfi ya yanka hanya ta tsakiyar filin a daminar da ta wuce. Sun bi hanyar ruwan har inda ta faɗa kwari ba su same su ba. Jakunkuna goman da aka samu sun yi lafau, kamar babu komai a ciki. Ya riƙa ɗaga kowace a tafin hannu yana jinjinawa kafin ya saka a buhu.

Bayan wata biyar Dakta ta zo da sakamakon da kanta. Mai Kwando ya aiko a kira ni, wai idanunsa ba sa ganin ƙananan lambobi. Muka zauna a barandar gidansa, Uwar Biyu ta kawo shayi ta tsaya a bakin ƙofa. Dakta ta shimfiɗa takarda ɗaya a kan tebur. A tsohon gwaji, in ji ta, jakunkunan shekara ta biyar na filin sama sun riƙe kusan kashi shida cikin goma na naitirojin ɗinsu. Na yanzu kashi uku suka riƙe.

"Hedimasta, karanta mini da bakinka."

Na karanta. Ya ce in sake, na sake.

"To shi ke nan," in ji shi. "An samu takarda."

Dakta ta jujjuya kofin shayinta. Ta ce ta aika da rubutun ga masanan da suke tantancewa kafin a buga, sun mayar mata. Fili ɗaya ne, jakunkuna goma ne, kuma ruwa ya ratsa filin. Babu na ƙasa da na tsakiya da za a gwada da su, don haka ba za a iya cewa zafi ne ya jawo ba, ko kuwa wani abu ne da ya shafi wannan wuri shi kaɗai. Sun ce alama ce mai ƙarfi, kuma sun ba da shawara a maimaita gwajin. Masu tallafin kuwa ba su sabunta alkawarinsu ba.

"A maimaita," in ji shi. "Shekara biyar."

"Shekara biyar, idan an samu mai ɗaukar nauyi."

"To an yarda da ni, ko ba a yarda ba?"

"Ni na yarda, Baba."

"Ke ai tun ranar farko kin yarda. Ba don ke na shekara biyar ina durƙuso ba." Ya jawo takardar gabansa, ya ɗora yatsa a kan shida, ya gangaro da shi kan uku. "Ukun nan da suka ɓace, ina suka tafi?"

"Ba mu auna wannan ba. Mai yiwuwa saiwa ta ɗauka, mai yiwuwa ruwa ya tafi da su."

"Saiwa ta ɗauka, ganyen kuma ya yi rawaya?"

"Baba, ba zan iya rubuta abin da ban auna ba."

"Ke ba za ki iya ba. Ni na yi ritaya. Suna rafi."

Ta yi murmushi ba ta musa ba. Ta miƙa hannu za ta ɗauki takardar, ya danne ta da tafinsa ya ce wannan tasa ce, ta je ta buga wata.